SHARHI: Kirifto da AI a Sakkwato, daga zauren jiran jirgi zuwa rumfar cajin waya

Duk wanda ya taɓa jiran jirgi a filin jiragen sama na Sultan Abubakar III a lokacin hunturu, ya san yadda hazo ke mayar da tafiyar sa'a ɗaya zuwa zaman wuni. A irin wannan zama ne ake gane su waye ke iya hawa jirgi a Sakkwato: 'yan siyasa da muƙarrabansu, manyan ma'aikata, 'yan kwangila, jami'an ƙungiyoyin agaji, da 'yan kasuwar da ke sauri zuwa Legas. Ba abin mamaki ba ne, tunda tikitin zuwa Abuja kaɗai ya zarce naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024.

Idan zama ya yi tsawo, kowa sai ya duƙufa a kan wayarsa, hira kuma ta karkata zuwa abubuwa biyu da suka zama ruwan dare: farashin USDT a yau, da yadda ChatGPT ke rubuta wasiƙa ko jawabi cikin ƙiftawar ido.

Titin da ya yi kudu daga wannan yanki shi ne ke ratsa Bodinga da Shagari, ya miƙe zuwa Tambuwal da Jega. A garuruwan nan ma za ka ji kalmomin kirifto da AI a bakin matasa, sai dai a rumfar mai cajin waya ake faɗarsu, kusa da janareta. Sunan fasahar ɗaya ne a wuraren biyu, amma matsayin masu amfani da ita ya sha bamban. Na zauren jiran jirgi yana shiga da jari da masaniya. Na rumfar caji yana shiga da lokacinsa, da datarsa, wani lokaci har da katin shaidarsa.

Tushen lamarin shi ne naira. A shekarar 1980, lokacin da ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ke shugabancin ƙasa, naira ta fi dalar Amurka daraja a farashin hukuma. Zuwa watan Yunin 2023, da gwamnatin Bola Tinubu ta sakar wa kasuwa ragamar canji, ana sayar da dala a kusan naira 460 a hukumance, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai miliyoyi a banki ya wayi gari ya ga dukiyarsa tana narkewa kamar ƙanƙara a rana. USDT, wadda aka ɗaure darajarta da dala, ta zama mafaka gare shi: da ita yake adana kuɗi, da ita yake biyan mai kaya a China ko kuɗin makarantar ɗa a ƙasar waje. Wannan buƙata ce ta gaske, kuma tana cikin dalilan da suka sa kamfanin bincike na Chainalysis ya sanya Najeriya ta biyu a duniya wajen karɓar kirifto a 2024, da hada-hadar kusan dala biliyan 59 cikin shekara guda.

Matashin Bodinga ba shi da dukiyar da zai kare daga faɗuwar naira. Ƙofar da aka buɗe masa ita ce ta dangwale. A watan Mayun 2024 Notcoin ta fashe, wasu suka samu abin da ya fi albashin wata, labari kuma ya bazu daga Kano zuwa Sakkwato cikin kwanaki. Daga nan kowa ya koma mainin. Hamster Kombat, wadda ta yi iƙirarin tara mutane miliyan 300, ta raba ladanta a ranar 26 ga Satumban 2024, kuma da yawa cikin waɗanda suka kwashe watanni suna dangwala waya ba su samu abin da ya biya kuɗin datarsu ba. Pi kuwa, wadda masu tallanta suka yi ta rantsuwa cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, ta shiga kasuwa a ranar 20 ga Fabrairun 2025, ta taɓa kusan dala 3, sannan ta zame ƙasa da dala ɗaya.

Ana yawan cewa mainin kyauta ne, don haka babu asara. Wannan magana ba ta riƙe ruwa. Mai dangwale yana sayen data, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara wa farashinta kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Yana biyan kuɗin caji inda wuta ba ta tsayawa. Ana tura shi ya kalli bidiyo a YouTube, ya bi shafuka, ya gayyato abokai, kuma wannan cunkoso shi ne hajar da masu manhajar ke sayar wa masu talla. A taƙaice, yana yi musu aiki, su kuma su yanke masa lada yadda suka ga dama. Mafi muni shi ne cinikin tantancewa, inda ake ba mutum 'yan dubbai ya miƙa fuskarsa da lambar NIN ɗinsa don a buɗe asusun da bai san wanda zai yi amfani da shi ba. Ranar da aka yi zamba da asusun, sunansa ne a rubuce.

A nan ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo cikin labarin. CBEX, wadda ta rufta da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, ta yaudari mutane ne da cewa na'urar AI ce ke yi musu ciniki, kuma za ta ninka musu kuɗi cikin kwana 30. Haruffan nan biyu sun yi aikin da layar ɗan damfara ke yi a da: suna hana tambaya. Bayan rushewar ne hukumar SEC ta bayyana cewa ba ta yi wa kamfanin rajista ba, EFCC kuma ta shiga farautar masu shi. Ga wanda ya sayar da tunkiya ko buhun gero ya zuba, sanarwar ta zo bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ita ma gwamnatin tarayya ta daɗe tana tufka da warwara. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya haramta wa bankuna mu'amala da kirifto, a Oktoban shekarar ya ƙaddamar da eNaira wadda ba ta samu karɓuwa ba, a Disamban 2023 kuma ya janye haramcin. Wata biyu bayan haka aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, yana cewa dala biliyan 26 ta bi ta kamfanin cikin shekara ɗaya ba tare da an iya tantance tushenta ba. Sai a Maris ɗin 2025 aka samu dokar zuba jari da ta amince da kadarorin dijital, ta kuma tanadi ɗauri ga masu shirya tsarin damfara irin na karɓi nan ka ba can. Doka ce mai kyau. Amma jerin kamfanonin da aka amince da su yana shafin intanet na SEC ne, da Turanci, alhali tallan 'yan damfara yana zuwa da Hausa, cikin saƙon murya a WhatsApp, daga bakin ɗan uwa ko abokin da aka yarda da shi.

Wannan giɓi ya fi hatsari a Sakkwato. Ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da hukumar NBS ta fitar a 2022 ta sanya jihar a kan gaba da kashi 91 cikin 100. Inda talauci ya yi wannan katutu, alƙawarin ninka kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Malamai sun yi ta muhawara kan halacci ko haramcin mainin, muhawarar kuma tana da muhimmanci ga al'ummar da Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa, ke cikin ƙasarta. Sai dai fatawa ba ta gaya wa matashi ko kamfani na da rajista, wannan aikin hukuma ne.

Ba na cikin masu cewa a guji fasahar. Ɗalibin da ke da waya a Shagari zai iya samun bayanin darasin lissafi daga manhajar AI cikin dare, abin da a da sai ɗan mai hali. A Satumban 2025 ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da aka horar da Hausa, Yarabanci da Ibo. Amma na'urar da ta iya Hausa za ta iya ƙarya da Hausa. Masu bin diddigin labarai sun riga sun bankaɗo bidiyoyin bogi da aka kwaikwayi fuska da muryar Aliko Dangote ana tallan zuba jari. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, ba wuya a ji muryar wani malami ko basarake tana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, kuma za ta zagaye ƙauyuka kafin a ƙaryata ta a birni.

Waɗanda ke zaune a zauren jiran jirgi su ne ke rubuta kasafin kuɗi. A Satumban 2021 an iya rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, abin da ke nuna cewa idan gwamnati ta so, hannunta na kaiwa ga wayar kowa. Tun 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Don haka matasan Bodinga da Shagari na da hurumin tambayar shugabannin ƙananan hukumominsu da 'yan majalisarsu: nawa aka ware don faɗakarwa da Hausa da Fulfulde a rediyo da ranakun kasuwa, makarantun sakandare nawa ne ke da kwamfuta mai aiki da wutar sola, kuma wane ofishi ne wanda aka damfara zai kai ƙara ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Sakkwato ba?