Ƙarfe da gudu: kada ka haɗa su kullum

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu nan Kudu, ina da magana.

Semestar da ta wuce na ce sai na yi ƙwanji kuma na rage tumbi a lokaci ɗaya. Da asuba in je fili in yi abin nan da ake kira HIIT, wato ka sheƙa da gudu na daƙiƙa 30, ka huta minti 1, ka maimaita sau 8. Da yamma kuma in ɗaga ƙarfe. Kullum fa! Sati uku gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, a lakca kuwa sai gyangyaɗi.

Ra'ayina: haɗa su yana da kyau, amma garaje ne ke kashe mu. Tsoka ba a wurin ɗaga ƙarfe take girma ba, sai lokacin hutu, kuma tana son kamar kwana 2 kafin ka sake gwada mata wuya. Ƙarfe kwana 3 a sati, gudun kwana 2, ya isa. In dole rana ɗaya ce, fara da ƙarfe, kuma kada ka yi gudun ranar da ka wahalar da ƙafa.

Sannan malam, gari da suga ba ya gina jiki. Nemi wake, ƙwai da gyaɗa, ka sha ruwa sosai, don gumin garin nan ba irin na gida ba ne.

Lokacin jarrabawa ka rage. Digiri aka turo mu nema.

Ku ya kuke tsara naku?