Darasin Kalmomin Sumba a Harshen Fotugis

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin ganin zancen sumba a dandalin kimiyya, musamman da yake al'adarmu ta kunya ce. To amma a cikin kalmomin sumba na harshen Fotugis, wanda ake magana da shi a Fotugal da Barazil da Angola da Mozambik, akwai darasi babba ga malamanmu.

Aikatau na yau da kullum shi ne beijar, wato sumbata, wanda ya samo asali daga kalmar Latin basiare. Akwai beijocar, wato yawaita sumba da ƙara, irin wadda uwa kan yi wa jaririnta. Sannan akwai oscular, kalmar littafi ce da ba kasafai ake jin ta a kasuwa ba.

Abin lura shi ne yadda waɗannan kalmomi suka shiga ilimi. Ƙaramin tsuntsun nan na nahiyar Amurka mai shan zaƙin fure, mutanen Barazil suna kiransa beija-flor, wato mai sumbatar fure. A lissafi kuwa, tun 1686 masani Leibniz na Jamus ya yi amfani da kalmar sumba ta Latin wajen bayyana da'irar da ke manne wa lanƙwasa a wuri guda, ta yi daidai da ita. Har yau Fotugis na kiranta círculo osculador, wato da'ira mai sumba.

Ɗalibin Kura ko Bunkure yana ganin wannan kullum. Magudanun da ke kawo ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, zuwa gonakin tumatir da shinkafa na Kadawa, duk suna da kwana. Ƙanƙantar da'irar da ta sumbaci kwanar, ita ce alamar tsananin lanƙwasarta, kuma a irin wannan wuri ne ruwa ya fi cin gefe.

A ganina, Hausa ba ta gaza ba. Harshen da ya kira ƙwaurin baya sha-raɓa, ya kira wani ƙwaro dangin cinnaka sha-zumami, ya san dabarar gina suna daga aiki. Wasu za su ce kalmar Turanci ce ke fitowa a jarrabawa. Gaskiya ne, a koyar da ita. Amma yaron da ya haddace kalma bai ga hotonta a zuciyarsa ba, da wuya ya riƙe ma'anarta. Ya ku malamai, a fara bayani da kalmar gida, sannan a ɗora ta waje a kanta.