Ƙasar Waje Daga Kwangwalam Ta Fara

In aka ce "ƙasar waje" a ɗakunan kwanan ɗalibai, zukata sai su tashi zuwa Ingila ko Amurka ko Masar, alhali kuwa ɗalibin da ya fito daga Dambatta ko Makoɗa ya fi kusa da wata ƙasa bisa ga kusancinsa da Kaduna. Mun raina Jamhuriyar Nijar har ba mu lissafa zuwa can a cikin tafiya. Ni kuwa a ganina, ga ɗan manomi mai ƙaramin aljihu, babu wata fita da za ta amfane shi kamar wannan.

Mu biyar muka yi karo-karo bayan ƙaramar Sallah ta 2024, watau makonni kaɗan bayan an buɗe iyakar da aka rufe saboda juyin mulkin Yuli 2023. Muka bi ta Kazaure da Daura, muka ƙetare a Kwangwalam, muka wuce Matamaye zuwa Damagaram. Abin da ya fara tarbarmu shi ne lissafi. Jaka guda ta sefa ta kai wajen naira dubu biyu, ita da ba ta kai naira ɗari huɗu ba a 2014. Ga shi kuma da dala suke ƙirga, kowace dala tamma biyar, har mai shayi ya ce dala ashirin, ɗalibin lissafin da ke cikinmu ya tsaya ƙidaya da yatsu. Ɗan sanda ya koma jandarma, makaranta lakwal, malamin boko mushe. Ban da wannan, tuwo tuwo ne, gaisuwa gaisuwa ce. Iyakar ma ai ba ta daɗe ba: tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka kafa turakunta. Kafin nan dakarun Damagaram sun zo har Tattarawa, nan bakin ƙofarmu, a zamanin Sarkin Kano Alu.

Abokan tafiyata fadar Sarki da ke unguwar Birni da gidajen Zango masu zane su suka ɗauke musu hankali, kuma sun cancanta, domin Damagaram ce hedkwatar Nijar har 1926 da aka koma Yamai. Amma ni tun daga hanya idona ya maƙale a gonaki. Daga Matamaye zuwa gaba, a tsakiyar bazara, ƙasa ta bushe ƙayau, sai ga gawo kore shar cikin gona bayan gona, manya da matasa, har inda ido ya tsaya. Matasan su ne abin lura. Mu ma muna da gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a gonakinmu, kakanninmu ba su yi sakaci ba, amma mai karatu ya tuna gonar gidansu: itace nawa ne a cikinta wanda bai kai shekara goma ba?

Ba gwamnati ce ta dasa musu ba. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman kudancin Nijar suka daina ƙone tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona. Sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, su sassabe sauran, su kāre shi har ya girma. Suna kiran wannan sassaben zamani. Wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun wajen 1983, amma manoman Magarya da Matamaye da Mirya su suka ɗauki abin da hannunsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Wani babban dalili shi ne manomi ya daina ganin itacen gonarsa a matsayin na malamin daji, ya tabbata nasa ne. Wanda ya san shi zai ci moriya, shi ke tsaro.

Kowa ya san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya hana gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne da rani. A ƙasa irin tamu, inda gado ya yayyanka gonaki har babu sauran saura, taki na zamani kuwa ya fi ƙarfin talaka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mu kuwa me muke yi? Kowace damina a yi bikin dashen itatuwa, babban baƙo ya sa baƙin itace a rami, a yi tafi, akuya ta ƙarasa aikin kafin kaka. A gefe guda buhunan gawayi na ta kwarara cikin birni tun da makamashi ya yi tsada.

Za a ce kwana huɗu ba su isa mutum ya yanke wa ƙasa hukunci ba. Gaskiya ne, kuma ban ce Nijar aljanna ce ba. Talaucin da muka gani a tashoshin mota ya isa ya sanyaya jikin kowa, ga matsalar ruwan sha da Damagaram ta daɗe tana fama da ita. Amma itace ba ya ƙarya, ba a kuma tsayar da shi dare ɗaya don baƙi.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, maimakon kuɗin ziyarar shekara su ƙare a wurin shaƙatawa, a nemi hulɗa da takwarorinmu na Jami'ar André Salifou da ke Damagaram, a kai ɗaliban aikin gona da na labarin ƙasa ƙauyukan Matamaye su kwana biyu wurin manoma. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025, sai a fara tabbatar da takardun da ake bukata da lafiyar hanya kafin a ɗauki mota. Tafinta dai ba a bukata, domin a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.