Murhun da Talaka Zai Iya Saya

A ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, gidaje da yawa har yanzu a murhun duwatsu uku suke girki. Ba a sayensa da kuɗi, amma yana cin itace ba ƙaƙƙautawa, hayaƙinsa kuma yana cutar da uwargida da ɗan da take goye da shi. Duk bishiyar da aka sare, ƙasa ce aka bar wa zaizaya, ruwan sama ya kwashe ta zuwa madatsar ruwa ta Challawa, wadda manoman rani da masunta suka dogara da ita.

Magani akwai shi. Murhun Save80 da ake ƙerawa a Kano an tsara shi ne don rage itacen girki da kusan kashi 80 cikin 100. Cikas ɗin kuɗi ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da tsada, manomin da ke jiran kaka kuwa ba zai iya biya a dunƙule ba, ko da zai huta da yawan sayen itace shekara da shekaru. Idan aka rage ƙwarin ƙarfen don farashi ya sauko, murhun ba zai daɗe ba, araha ta zama asara.

Ra'ayinmu shi ne kada a taɓa inganci, a gyara hanyar biya. Ƙananan hukumomin biyu da Masarautar Ƙaraye su haɗa ƙungiyoyin mata da masu ƙera murhun, a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi. A kuma koya wa maƙeranmu da masu ginin tukwane yin murhu mai tsimin itace da kayan gida.