Har Yaushe Za Mu Riƙa Noman 'Yan Wasa da Ruwan Sama?

Wata ranar Juma'a da la'asar, ina dawowa daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, na tsaya a bakin wata gona da aka girbe shinkafarta a ƙasar Garun Mallam. Yara wajen ashirin ne ke buga ƙwallo a kan guntayen kara, ƙafa ba takalmi, don takalman an jera su a matsayin raga. Taku kaɗan daga inda suke, ruwan kanal yana tafiya cikin siminti, ruwan da ya taso tun daga madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974. Shekara hamsin ke nan da gwamnati ta yarda cewa tumatir da shinkafa da alkama ba za su zauna jiran damina ba, ta haƙa musu hanya ta ratsa Bunkure da Kura da Garun Mallam. Yaran da ke gefen kanal ɗin kuwa har yau noman damina ake yi musu: in an dace wani ya fito, in ba a dace ba a ce haka Allah ya so.

Ina ganin wannan sakaci ne da muke lulluɓewa da sunan ƙaddara, kuma zan kafa hujja da rayuwar wani ɗan wasa daga ƙasar da ba ta haɗa komai da mu ba sai arzikin man fetur.

Sunansa Mats Zuccarello, haifaffen birnin Oslo na ƙasar Norwe a 1987. Sana'arsa ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wasan da ake yi da takalma masu kaifi a ƙasa, ana kora wani ɗan faifan roba da sanda. Wasa ne na ƙarti, ana bangazar juna da katanga, shi kuwa gajere ne, tsawonsa bai wuce santimita 173 ba. Ƙasarsa ma ba ta cikin manyan wasan, maƙwabtanta Suwidin da Finlan sun yi mata nisa. Lokacin da ƙungiyoyin NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, suke zaɓen matasa, babu wadda ta ɗauke shi. A nan gida, labarin irin wannan yaro a nan yake ƙarewa.

Nasa bai ƙare ba, domin akwai matakala a ƙarƙashin ƙafarsa. Daga ƙungiyoyin yara na unguwa ya shiga Frisk Asker a gasar ƙasarsa. A 2008 ya tsallaka Suwidin wurin ƙungiyar Modo, a 2010 'yan wasan gasar suka zaɓe shi gwarzonsu, a shekarar kuma New York Rangers ta ɗauke shi. A 2014 ya zama ɗan Norwe na farko da ya buga zagayen ƙarshe na Kofin Stanley. A watan Afrilun 2015 faifan ya same shi a ka, ƙoƙon kansa ya tsage, har magana ta gagare shi na ɗan lokaci. Likitoci suka tsaya a kansa, ya warke, ya koma fili. A 2019 Minnesota Wild ta ba shi kwantiragin shekara biyar a kan dala miliyan 30.

Matakalar da ya taka ba dominsa aka gina ta ba. Tun 1987 hukumar wasannin Norwe ta kafa ƙa'idojin wasan yara: ba a wallafa jerin na ɗaya da na biyu kafin shekara 11, ba a shiga gasar ƙasa kafin shekara 13. Manufar ita ce kada a sallami yaro tun ba a san abin da zai zama ba, musamman ƙaramin jiki da wanda girmansa ya yi jinkiri. Ƙungiyoyin unguwa kuwa iyaye ne ke riƙe da su da aikin sa kai da suke kira dugnad, wanda ba shi da maraba da aikin gayya na ƙauyukanmu. Da wannan tsari ƙasa mai mutum miliyan biyar da rabi, wadda ba ta kai rabin jihar Kano ba, ta kwashe zinare 16 a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing a 2022.

Yanzu mu dubi namu gwarzon. Ahmed Musa, haifaffen Jos a 1992, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Daga nan sai VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester City a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya. Ya zura wa Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014, ya ƙara wa Aisilan biyu a 2018. Duk Bakano na alfahari da shi, kuma ya cancanta. Amma Kano ta same shi ne ya riga ya nuna, wata makarantar ƙwallo a Jos ce ta yi shukar. Cibiyar wasannin da ya gina a Hotoro ma daga aljihunsa ta fito. Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, sannan ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Wanda ke sayen amfanin gona bai shuka ba, ranar da kasuwa ta juya rumbunsa wayam.

Abin takaici, Norwe ɗin ma daga gonarmu take ƙarawa. Mikel Obi da Odion Ighalo ta ƙungiyar Lyn ta Oslo suka shiga Turai, Victor Boniface kuma ta Bodø/Glimt. Waɗannan su ne suka dace. Na san wani gida a yankinmu da suka jinginar da gonar noman rani, suka damƙa kuɗin ga wani dillali da ya yi alkawarin kai ɗansu gwaji Turai. Dillalin ya kashe waya, yaron yana nan yana dakon kwandunan tumatir. Inda babu hanyar gaskiya, dole ta ɓarayi ta yi kasuwa.

Za a ce da ni Norwe ƙasa ce mai kuɗi, mu kuwa ga yunwa ga makarantu ba rufi. Gaskiya ne, kuma wani kaso mai yawa na kuɗin gina filayensu daga ribar cacar gwamnati yake fitowa, abin da addininmu da al'adarmu ba za su karɓa ba. Sai dai ba rashin kuɗi ne ya hana mu ba. Duk kakar zaɓe muna ganin gasar kofin ɗan takara: a raba riguna masu hotonsa, a yi mako biyu ana kiɗa, a ba da babur, a watse. Kuɗin wannan shagali zai share fili, ya kafa raga, ya biya malamin motsa jiki na shekara. Kuma wace yunwa ce ta sa ake yanka filayen makarantun firamare ana gina shaguna?

Za a kuma ce wasa shashanci ne, yaro ya je gona ko makaranta. Ban ce a bar ko ɗaya ba. Cikin yara dubu, da wuya ɗaya ya ci abinci da ƙwallo, haka abin yake a Norwe ma. Sauran ribarsu lafiyar jiki ce, da ladabin bin doka, da yammacin da ba a ɓatar a majalisar shaye-shaye ba. Iyayen da ke kukan ƙwaya da daba su ne ya kamata su fara neman fili.

Akwai kuma maganar rai. A watan Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya ana tsaka da wasa da Katsina United, ya rasu, kuma rahotanni sun ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Ajali na Allah ne, amma gyaran mota aikin mutum ne. Wanda ƙoƙon kansa ya tsage ya dawo wasa, namu ko asibiti bai isa a kan lokaci ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar tafiya Abuja. Majalisar ƙaramar hukumar Garun Mallam ta ware fili ɗaya a kowace mazaɓa, da takardar da za ta hana a sayar da shi. A dawo da gasar makarantun firamare duk zango, da rajistar shekarun haihuwa ta gaskiya, ba a kori kowa don ƙanƙanta ba. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, waɗanda suka saba haɗuwa su yashe kanal, su yi wa filin gayya ɗaya a shekara. Pillars kuma ta riƙa turo masu horarwa Chiromawa da Kadawa, maimakon zaman jira a Ƙofar Mata.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin bambancin gonar da ke jiran hadari da wadda aka ja wa ruwa. Gonar da na ga yaran nan a cikinta, kafin mako uku za a sake ta da ruwa a dasa tumatir, su kwashe takalmansu su nemi wani wuri. Shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli su gaya mana inda za su je.