Facebook kasuwa ce, ba rumbu ba

Jama'a, akwai maganar da nake yawan gani a dandalin nan, wai zamanin buɗe shafin intanet ya wuce, tunda ga Facebook ga TikTok. Ni dai ban yarda ba, kuma ga hujjata.

A 1995 wani Ba'amurke mai suna David Pirmann ya buɗe shafin nycsubway.org don tattara hotuna da tarihin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York. Lokacin ko Google babu, sai a 1998 ya zo. Wikipedia sai 2001, Facebook ɗin nan kuwa sai 2004. Ba hukumar jiragen ce ta sa shi ba, sha'awa ce kawai. Masu sha'awa irinsa suka yi ta aiko da hotuna da taswirori da tsofaffin takardu, har shafin ya wuce New York ya haɗa da jiragen Landan, Paris, Mosko, Tokyo da sauran biranen duniya.

Abin da ya sa ya yi ƙarko shi ne tsari. Hoto na zuwa da sunan gari, layi, tasha, wanda ya ɗauka da ranar da aka ɗauka. Kana son ganin tashar City Hall da aka buɗe a 1904 aka rufe a 1945? Minti ɗaya ya ishe ka. To don Allah ka gwada nemo hoton tashar mota da wani abokinka ya ɗora a nan shekara 3 da suka wuce. Sai ka gaji da jan waya.

Kuma mai ɗaki shi ya san ranar da zai kore ka. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009. Google+ ya mutu a 2019. A shekarar nan dai MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora na tsawon shekara 12 sun salwanta. Wa ya ba ka tabbacin Facebook ba zai bi sahu ba?

Na san wani zai ce ana fama da abin sa wa a baka, ina ruwanmu da hoton jirgi? Da ruwanmu mana! Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911. An hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, yaran da aka haifa bayan nan sai dai a ba su labari. Bas ɗin kiya-kiya fa, ina hanyoyinsu suke a rubuce? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake musu kan yadda kuɗin mota ya ninka, amma kowa da ka yake faɗa. Wanda ba shi da rubutu ba ya cin gardama da hukuma, ko da shi ke da gaskiya.

Mafi ciwo, in saurayi ya tsaya ɗaukar hoton tasha, mu ne farkon ce masa ba shi da aikin yi. Alhali irin waɗannan "marasa aikin yi" su suka adana wa New York tarihin jiragenta.

Ku ci gaba da ɗora hotuna a nan, ban hana ba. Amma masu ilimin kwamfuta a cikinmu, a buɗe mana shafi namu, kowane hoto da wuri da rana da kuɗin mota. Allah Ya sa mu gane.