Daga Bakin Allo: Kada Kaza Ta Kwana A Kan Dami

A wannan karon za mu taɓo wata magana ce da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu malaman da ke koyarwa a unguwannin Zango, watau maganar shirye-shiryen da gwamnatin Gana ta yi domin ɗan talaka ya kai jami'a ko ya sami sana'ar yi, da kuma dalilin da ya sa har yau yaranmu ba su cin moriyar waɗannan shirye-shirye yadda ya kamata.

Abin da ya tado maganar shi ne, kwanan baya muka yi kiciɓis da wani tsohon ɗalibinmu a tashar mota, yana rataye a ƙofar tirotiro yana kiran fasinja. Wannan yaro, lokacin da yake ƙaramar sakandare, babu wanda ke kama ƙafarsa a lissafi, kuma tun a wancan lokaci ba shi da magana sai ta zama injiniya. Ya ƙi karɓar kuɗin motarmu. Da muka tambaye shi labari, sai ya ce ai ya yi babbar sakandare shekara 3, kuɗin makaranta ko sisi ba a karɓa daga hannun ubansa ba, kuma ya ci jarrabawa. To, amma sashen kasuwanci ya karanta, domin ran da aka ba su fom ɗin zaɓen makaranta mahaifinsa yana kasuwa, wani abokin yayansa ne ya cike masa. Sai da ya gama sannan ya ji cewa ba a ɗaukar mutum karatun injiniya sai da fiziks da kemistiri da lissafi mai zurfi. Daga nan gwiwarsa ta yi sanyi, ko fom ɗin jami'a bai saya ba. Mun sauka daga motar nan jikinmu a mace, domin mun san cewa a cikin masu laifin har da mu da muka koyar da shi.

Kafin mu shiga rabon laifi, ya kamata mu faɗi gaskiya game da abin da aka riga aka yi, don wanda bai gode wa kaɗan ba, ba zai gode wa mai yawa ba. Tun zamanin Kwame Nkrumah akwai tallafin karatu na musamman ga 'yan arewacin ƙasar nan. A 1987 aka kafa sashen ilimin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi, abin da ya sa makarantunmu da dama suka haɗa Larabci da boko, gwamnati tana biyan malamai. Tsarin mulki na 1992 ya ce a yi ta matsawa sannu a hankali har karatun sakandare ya zama kyauta. A 2005 aka fara ba makarantun firamare na gwamnati kuɗi bisa yawan ɗalibai, aka kuma fara ciyar da yara. Sai a watan Satumba na 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta ƙaddamar da shirin da kowa ya sani da Free SHS, wanda ya ɗauke wa iyaye kuɗin makaranta da na littattafai da na jarrabawa, da kwana da abinci ga 'yan kwana, da abinci sau ɗaya ga 'yan jeka-ka-dawo. Gwamnati ta ce kafin shirin, yara kimanin 100,000 ne kowace shekara suke samun gurbi amma su kasa zuwa saboda rashin kuɗi. Ɗalibai sun yi yawa har a 2018 aka shigo da tsarin karatu bi-da-bi, wasu suna makaranta wasu suna hutu.

A matakin gaba da sakandare ma an yi motsi. Akwai asusun ba ɗalibai rance da aka kafa a 2005. A da sai yaro ya kawo wanda zai tsaya masa, galibi ma'aikaci mai biyan SSNIT, alhali kuwa mafi yawan iyayenmu 'yan kasuwa ne da mahauta da direbobi da teloli. To, daga 2022 an cire wannan sharaɗi, katin ɗan ƙasa ya wadatar. A 2025 kuma gwamnatin John Mahama ta fito da shirin ɗauke kuɗin karatun shekarar farko ga sababbin ɗalibai a manyan makarantun gwamnati. Mu kanmu masu wannan rubutu, da yawa daga cikinmu ba don alawus ɗin da ake ba ɗaliban kwalejin horon malamai ba, da ba mu riƙe alli ba. Saboda haka mun san daɗin tallafin gwamnati, ba labari aka ba mu ba.

To, tun da ga dami nan an ajiye, me ya sa kaza take kwana da yunwa? A iya zamanmu a cikin aji, mun lura da ramuka 3 da yaranmu suka fi faɗawa ciki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da kuɗin makaranta kyauta yake cikewa.

Ramin farko shi ne fom ɗin zaɓen makaranta. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara zuwa manyan sakandare, bisa makin da suka samu a jarrabawar BECE da kuma abin da suka rubuta a fom. An kasa makarantun aji-aji, kuma ba a yarda yaro ya zaɓi fiye da ɗaya daga ajin A ba. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, abin da aka rubuta mata shi take bi. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ne zai zauna ya yanke shawara a kan makaranta, da kwana ko jeka-ka-dawo, da sashen da zai karanta: kimiyya, ko kasuwanci, ko aikin gona, ko fasaha, ko tattalin gida, da sauransu. A gidajen 'yan boko, uba da uwa da kawu duk sai sun zauna a kan wannan takarda. A wajenmu kuwa sau da yawa takan dawo da dangwalen wanda bai karanta ta ba. Mun sha kiran taron iyaye domin wannan fom kaɗai, a aji mai yara fiye da 40 iyayen da za su zo ba su cika benci 2 ba, su ma mafi yawansu mata ne. Bugu da ƙari, da shirin Free SHS ya zo, an ware kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu masu suna domin yaran da suka fito daga ƙananan sakandaren gwamnati. An yi wannan rabo ne a lokacin domin irin yaranmu. Amma yaron da bai rubuta sunan makarantar a fom ba saboda an ce masa ta 'ya'yan manya ce, ta yaya kwamfuta za ta kai shi can? Da rashin tayi akan bar arha.

Rami na biyu shi ne lissafi da Turanci. Iyaye da yawa in sun ji an ce yaro ya ci WASSCE sai su yi hamdala, ba su san cewa ci iri-iri ne ba. Domin shiga karatun digiri ana bukatar daga A1 zuwa C6 a darussa 6: Turanci, da lissafi, da kimiyya ko nazarin zamantakewa, sannan darussa 3 na sashen da yaro ya zaɓa. Wanda ya sami D7 a lissafi, ko da sauran duk sun yi kyau, ƙofar digiri a rufe take gare shi sai ya sake zama. Sake zaman nan kuwa, wanda ake kira Nov-Dec, ba ya cikin kyautar gwamnati: da kuɗin rajista da na darasin share fage duk daga aljihun iyaye suke fita. A nan ne muke asarar 'yan mata musamman. Yarinya za ta dawo gida da darasi ɗaya tak da ya kayar da ita, a ce ta ɗan taya uwa sayar da koko da ƙosai kafin baɗi; baɗi ta zo ta wuce, sai mu ji an kawo goron aure. Ba mu ƙi aure ba, amma da an biya mata kuɗin sake zama, da ta shiga ɗakinta da takardar malanta ko ta aikin jinya a hannu. Tushen wannan D7 kuwa tun daga aji 4 da 5 na firamare yake, lokacin da yaro ke zuwa makaranta a makare saboda talla, ko ya yi ta gyangyaɗi saboda kallon dare.

Rami na uku shi ne tsakanin fitowar sakamako da shiga jami'a. Fom ɗin jami'a saya ake yi, kuma yana da ranar rufewa. Rancen ɗalibai ba ya zuwa sai yaro ya sami gurbi ya yi rajista. Shirin 2025 kuɗin karatu ya ɗauke, ban da ɗakin kwana da abinci da kuɗin mota, kuma a zagayen farko ɗalibai sun biya ne tukuna sannan aka mayar musu. Ashe ke nan dole gida ya tanadi wani abu tun da wuri. Haka yake ko a sakandaren kyauta, domin katifa da akwatin ƙarfe da akwatin katako na gari da shito ba gwamnati ce ke saye ba. Akwai kuma sikolashif na gwamnati, da ɗan tallafin da majalisun gundumomi da 'yan majalisa kan ba ɗalibai masu ƙoƙari marasa galihu, da Asusun Raya Zango wanda majalisa ta zartar da dokarsa a 2017. Duk waɗannan sai an nema a rubuce, a kan lokaci, da takardun da suka dace. Wanda ba shi da takardar haihuwa, ko sunansa na katin ɗan ƙasa ya saɓa da na takardar jarrabawa, watau nan Muhammad can Mohammed, nan Abubakar can Bukari, zai sha zirga-zirga har lokaci ya wuce.

Sai kuma maganar sana'a. Ba kowane yaro ne zai je Legon ko jami'ar kimiyya ta Kumasi ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Makarantun koyon sana'a na gwamnati su ma suna cikin tsarin kyauta, kuma daga 2016 an mai da kwalejojin fasaha jami'o'i, ta yadda yaron da ya fara da aikin lantarki ko gini ko walda zai iya ci gaba har ya yi digiri. Mu da 'ya'yanmu suka cika garejojin Suame da shagunan ɗinki na Nima da Aboabo, mu ne ya kamata mu fi kowa rububin waɗannan makarantu. Yaron da ya koyi gyaran mota a wajen maigidansa ya iya aiki, babu shakka, amma ran da kamfani zai ɗauki ma'aikata ko gwamnati za ta ba da kwangila, takarda ake tambaya. Abin takaici, har yanzu wasunmu suna ɗaukar makarantar sana'a a matsayin wurin jefa wanda ya faɗi jarrabawa.

Ga gwamnati muna da magana ɗaya. Cire kuɗi abu ne babba, amma shirya yaro ya wuce nan. A Amurka, a 1998, an kafa wani shiri mai suna GEAR UP domin makarantun unguwannin talakawa, wanda yake kama yara tun suna aji 7 ya bi su har su gama sakandare, da ƙarin darasi, da kai su ziyara jami'o'i, da koya wa iyaye yadda ake neman tallafi. Ba mu ce a kwafo shi sukutum ba. Abin lura a ciki shi ne farawa da wuri da kuma jawo iyaye. A makarantunmu akwai malamin ba da shawara a rubuce, amma sau da yawa shi ne dai mai koyar da darussa 2 ko 3, ba shi da ofis, ba shi da lokaci. A ba shi horo, a rage masa aji, a kuma yi bayanin fom a rediyo da Hausa da sauran harsunan da iyaye ke ji.

Sauran aikin namu ne. Muna roƙon iyaye maza, ran da aka kira taron zaɓen makaranta a rufe shago na awa 2 a zo. Zuwa da kai ya fi aike. Muna roƙon iyaye mata, cikin adashin da ake zubawa domin yayin biki da suna, a ware kwasa ɗaya domin fom da kuɗin sake jarrabawa. Limamai da sarakunan Zango, in lokacin fom ya yi a sanar bayan sallar Juma'a kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure. Samarinmu da suka gama jami'a ko suke hidimar ƙasa, kowane ɗaya ya ɗauki yara 3 daga layinsu ya bi karatunsu tun daga aji 1 na ƙaramar sakandare. Ko a bes ɗin da ake shan ataya ana iya ajiye allo. Mu malamai kuma, kada mu sake karɓar fom daga hannun yaro ba tare da mun tambaye shi me yake so ya zama ba, mu kuma duba ko sashen da ya zaɓa zai kai shi can.

Shi kuwa ɗalibin namu na tashar mota, mun koma mun same shi. Sakamakonsa ya isa ya shiga karatun akanta, kuma ya yarda zai nema a bana, yana tara kuɗin fom daga abin da yake samu. Injiniyan dai ya wuce shi, amma ƙanensa yana aji 2 a makarantarmu, kuma mahaifinsu ya yi mana alkawari wannan karon da kansa zai zo.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.